Muhawara: Shin Riƙe Jerin Karta 52 a Ka Hadda Ce?

Ɗalibin Lissafi: Assalamu alaikum. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun daren jiya, kuma ina so ku yi mini alƙalanci. Mako 6 ke nan ina koyon haddace jerin karta, har na kai matsayin da za a cakuɗa mini guda 52, in dube su na minti 9, in jero su daga ta farko har ta ƙarshe ba kuskure. Dabarar ba ɓoyayya ba ce. Kowace karta na ba ta mutumin da na sani, kartar sarki mai alamar zuciya ita ce kakana, sarauniyar zuciya kuma gwaggona, sannan na zaɓi wurare 26 a gidanmu tun daga zaure, bakin rijiya, madafi, har ɗakin mahaifiyata, ina ajiye mutum biyu a kowane wuri suna aikata abin da ba zai mantu ba. In na zo jerowa sai in zaga gidan a zuciyata, in tarar da kowa inda na bar shi. Jiya na nuna wa yayana, sai ya ce a gaban ƙannena ko dai na yi wa kartar alama, ko kuma na fara zama da 'yan caca. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Ni dai maganata ita ce wannan ba baiwa ba ce kuma ba damfara ba ce, duk wanda ya dage da atisaye zai iya.

Tsohon Gardi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin mu je ga yayanka, ka janye kalmar nan ta haddacewa. Na shekara 11 a tsangaya ina wanke allo kafin in haɗa izu 60, kuma har yau idan na yi sakaci da tilawa na mako guda sai na ji a harshena. Ba zan yarda a ɗauki sunan wannan aiki a ɗora wa takardun wasa ba.

Malamar Firamare: Allah ya gafarta Malam, ina girmama wahalar da kuka sha, amma kalmar ta Hausawa ce baki ɗaya. Kullum ina ce wa yara su haddace jadawalin sau, muna kuma cewa wane ya haddace lambar wayar mahaifinsa, kuma ban taɓa jin wani malami ya ce an yi saɓo ba.

Tsohon Gardi: Malama, jadawalin sau yana zama a kan yaro har tsufansa, shi ya sa ya cancanci sunan. Ki tambayi wannan saurayi ko zai iya kawo mana jerin da ya riƙe ranar Talatar da ta wuce.

Ɗalibin Lissafi: Ba zan iya ba, Malam, kuma da gangan ne. Masu wannan fanni suna barin tsohon jeri ya gushe domin su sake amfani da wuraren, in ba haka ba hotunan jiya za su cakuɗe da na yau.

Tsohon Gardi: To ka faɗa da bakinka. Abin da ake so a manta da shi gobe sunansa riƙo, hadda kuwa ita ce abin da mutum yake fatan a binne shi da shi a ƙirji.

Ma'aikacin Jinya: Ni ina ganin ana raina abin ne saboda ba a san asalinsa ba. Wannan dabara ta ajiye hotuna a wurare ta girmi shekara 2,000, ana danganta ta ga wani mawaƙin Girka mai suna Simonides, wanda aka ce rufin ɗakin walima ya rufta bayan fitarsa, ya gane gawarwakin ta hanyar tuna inda kowa ya zauna, kuma masu jawabi a tsohuwar Rum sun yi amfani da ita wajen riƙe dogayen jawabai. A 1991 Tony Buzan da Raymond Keene suka kafa gasar ƙwaƙwalwa ta duniya a Landan, Dominic O'Brien ya lashe ta sau 8. Joshua Foer ɗan jarida ne kawai da ya je ɗauko rahoto, ya yi atisaye na kimanin shekara guda, ya ci gasar Amurka a 2006 bayan ya riƙe karta 52 cikin minti 1 da daƙiƙa 40. A 2018 wani matashi ɗan Mongoliya ya yi hakan cikin ƙasa da daƙiƙa 13. Akwai kuma binciken da Martin Dresler ya jagoranta, aka wallafa a 2017, inda aka horar da mutanen da ba su taɓa yi ba na kwana 40, adadin kalmomin da suke riƙewa ya ninka fiye da sau biyu. Saboda haka yaron nan gaskiya ya faɗa.

Mai Shagon Littattafai: Duk sunayen da ka jero babu Musulmi ko ɗaya da na gane a ciki, kuma wannan ita ce matsalarku ta 'yan boko, sai Bature ya yi abu sannan ya zama ilimi. Alarammominmu suna rubuta Alƙur'ani sukutum da ka, ba tare da duba wani kwafi ba, amma ba wanda ya kira su gwanayen ƙwaƙwalwa.

Ma'aikacin Jinya: Alhaji, ban rage wa alaramma komai ba, kuma ni ma na yi makarantar allo kafin in shiga boko. Ka daina jefa ni cikin wani rukuni don ka samu abin suka.

Mai Shagon Littattafai: In ka yi makarantar allo, ai ka san hukuncin karta.

Malamar Firamare: Yanzu kuma an koma kan karta. Caca ita ce a sa kuɗi a ci ko a cinye, wannan yaro kuwa shi kaɗai yake zaune da agogo, babu abokin wasa balle kuɗi. An zaɓi karta ne domin tana da arha, ana iya cakuɗa ta a samu sabon jeri kowane lokaci, kuma iri 4 ne masu guda 13 kowanne, don haka tana da sauƙin rabawa ga mai koyo. Ni da zan samu wanda zai koya wa 'yan ajina wannan hanya su riƙe jihohi 36 da manyan biranensu, da na yi murna.

Mai Shagon Littattafai: Hajiya, ranar da wani uba ya ga karta a jakar ɗansa ya ce daga ajinki ta fito, za ki gane abin da nake nufi.

Malamar Firamare: Ban ce zan kai karta aji ba, dabarar na ce. Ka karanta abin da na rubuta kafin ka yi mini mugun fata.

Ɗalibin Lissafi: Don Allah, iyayena da yayyena, har yanzu babu wanda ya ce mini komai game da zargin da aka yi mini a gida, kuma shi ne ya kawo ni.

Shugaban Zaure: Tunda dare ya yi, bari in taƙaita. Abin da na fahimta shi ne mafi yawanmu sun gamsu cewa kalmar hadda ba ta dace da wannan wasa ba, kuma shi kansa mai maganar ya amsa cewa yana manta abin da ya riƙe, wanda hakan ya ƙarfafa hujjar Malam. An kawo sunayen wasu Turawa da shekaru, amma ba su taɓa ainihin tambayar ba. Malama ta yi ƙoƙari, sai dai misalinta na jadawalin sau Malam ya riga ya amsa shi. Shawarata ga ƙanenmu ita ce ya ba yayansa haƙuri, ya ce riƙo yake koyo, ya kuma mayar da wurare 26 ɗin nan na gidansu ga karatunsa na jarrabawa. Na rufe wannan batu, wanda yake da ƙari ya same ni ni kaɗai.