Daga Aji 9 Zuwa Ƙofar Jami'a a Amurka: Abin da Iyaye da Ɗalibai Suka Gani

Maman Auta:

Assalamu alaikum, iyaye da yayye. 'Yata za ta shiga aji 9 a ƙarshen hutun bazara, kuma makaranta ta aiko da takardar zaɓen darussa da ake so mu sa wa hannu. Ni da mahaifinta ba a Amurka muka yi sakandare ba, saboda haka tsarin baƙo ne a wurinmu. Maƙwabciyata ta ce in kwantar da hankalina, ba a fara zancen jami'a sai an kai aji 11, amma maganar ba ta kwanta mini ba. Ina roƙon waɗanda 'ya'yansu suka bi wannan hanya, ko waɗanda suka bi ta da kansu, su gaya mana abin da suka gani a shekaru huɗun nan na sakandare, wato aji 9 zuwa 12, musamman abin da ba ya gyaruwa idan lokacinsa ya wuce.

Baban Yara Uku, Kalifoniya:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki sa hannu a takardar nan sai kin zauna da jami'in da ke ba ɗalibai shawara a makarantar. Abin da na gane bayan yarana uku sun fita sakandare shi ne, sharuɗɗan samun takardar kammala sakandare daban suke da sharuɗɗan shiga jami'a, kuma yaro yana iya cika na farkon tsaf, ya sa rigar yaye a ɗauke shi hoto, alhali bai cancanci shiga jami'ar gwamnatin jiharsa ba.

A nan Kalifoniya, mafi ƙarancin abin da jiha ta ɗora wa mai kammala sakandare ya haɗa da shekara uku ta Turanci da shekara biyu ta lissafi, ko da yake gundumomin ilimi da yawa sukan ƙara nasu a kai. Jami'ar Kalifoniya kuwa tana neman darussa 15 na shekara guda guda: huɗu na Turanci, uku na lissafi, biyu na tarihi, biyu na kimiyya, biyu na wani harshe da ba Turanci ba, ɗaya na zane ko kiɗa ko wasan kwaikwayo, sai ɗaya na zaɓi, kuma kowanne sai an ci shi da C ko sama da haka. Daga cikin 15 ɗin nan, dole a gama 11 kafin a shiga aji 12. Na ga ɗan abokina wanda ya sami D a lissafin aji 10, makaranta ta lissafa masa shi a matsayin ya wuce, sai da lokacin neman gurbi ya zo iyayensa suka ji cewa jami'a ba ta karɓar D. Da sun sani da wuri, da ya maimaita darasin a hutun bazara.

Malamar Lissafi:

Na goyi bayan Alhaji, kuma zan tsaya a kan fannina, domin a lissafi ne takardar da ke hannunki ta fi yin tasiri. Darussan lissafi a jere suke, wani ba ya shiguwa sai an gama na gabansa: aljabara ta ɗaya, sai jomitiri, sai aljabara ta biyu, sai share fagen kalkulas, sannan kalkulas. Biyar ke nan, shekarun sakandare kuwa huɗu ne. Yaron da ya yi aljabara ta ɗaya a aji 8 zai kai kalkulas a aji 12, wanda ya fara ta a aji 9 kuma a share fage zai tsaya, sai fa idan ya haɗa jomitiri da aljabara ta biyu a shekara guda, ko ya yi ɗayansu a hutun bazara.

Idan yarinya tana sha'awar injiniyanci ko kimiyyar kwamfuta, wannan bambanci yana da nauyi a manyan jami'o'i masu tsananin tantancewa. Amma na koyar da yaran da iyayensu suka matsa aka tsallakar da su gaba alhali tushensu bai yi ƙwari ba, suka wahala shekara uku a jere, har suka tsani darasin baki ɗaya. Ki tambayi malaminta na aji 8 ya gaya miki gaskiyar inda take, domin shi ya fi kowa sanin ko za ta iya ɗaukar nauyin.

Direban Babbar Mota, Teksas:

A jiharmu akwai doka tun 1997 da ta ba ɗaliban da suka fito cikin kashi 10 bisa 100 na saman ajinsu damar shiga jami'o'in gwamnatin jiha kai tsaye, sai dai Jami'ar Teksas da ke Austin ta fi sauran tsaurarawa. Matsayin yaro a aji kuwa daga makinsa na shekaru ake tara shi, kuma aljabara ta biyu tana cikin abin da ake nema kafin a ci gajiyar dokar. Ɗana bai shiga wannan sahu ba, amma tun daga aji 11 ya riƙa ɗaukar darussan kwalejin al'umma ta shekara biyu waɗanda ake lissafa masa su a sakandare da kwaleji a lokaci guda. Bayan ya gama, ya ƙarasa a kwalejin, sannan ya koma jami'a. Takardar digirinsa ba ta bambanta da ta wanda ya fara a can ba, kuɗin da muka kashe kuwa ya ragu ƙwarai. Abin lura kawai shi ne a tabbatar jami'ar da ake nufi za ta karɓi darussan kafin a ɗauke su.

Ɗalibin Injiniya:

Mama, ni daga ɓangaren ɗalibai zan yi magana, domin ban daɗe da fita ba. A watan Oktoba na aji 11 ake yin jarrabawar PSAT, wato share fagen jarrabawar shiga jami'a, wadda da ita ake tantance masu neman tallafin karatu na National Merit, kuma abokaina da yawa sun ɗauke ta a matsayin gwaji kawai saboda babu wanda ya gaya musu amfaninta. Jarrabawar shiga jami'a iri biyu ce: ta SAT ƙololuwar makinta 1600 ne, ta ACT kuma 36, na zaɓi guda na yi ta a ƙarshen aji 11, na sake ta a farkon aji 12. Kada a dogara da zancen cewa an daina neman su, domin jami'ar MIT ta dawo da sharaɗin a 2022, jami'o'in Dartmouth da Yale da Brown da Harvard suka biyo baya a 2024, Jami'ar Kalifoniya kuwa ba ta duba su ko kaɗan. Kowace jami'a sai an karanta ƙa'idarta a shekarar da za a nema.

Darussan AP, wato darussa masu matakin jami'a da ake ɗauka tun a sakandare, ana jarrabawarsu a watan Mayu, maki daga 1 zuwa 5, jami'o'i da yawa suna yafe wa mai 3 ko fiye wani darasi, wasu kuma sai 4 ko 5. Amma abin da ya fi ba ni wuya ba jarrabawa ba ne, cike takardar Common App ne, wato takardar neman gurbi guda wadda jami'o'i da yawa ke karɓa. Ana buɗe ta ranar 1 ga Agusta, tana da gurbin ayyuka goma da ɗalibi ya yi a wajen aji, da maƙala wadda ba ta wuce kalmomi 650 ba. Wanda bai yi komai ba tun aji 9 ba zai ƙirƙiro tarihin shekara uku a wata guda ba. Na daɗe ina zaton ba ni da abin rubutawa, tun da bayan makaranta ƙannena nake ɗaukowa in kula da su har iyayenmu su dawo daga aiki, ashe ɗawainiyar gida tana cikin jerin ayyukan da takardar ta yarda da su. A kanta na rubuta maƙalata. Mama, ki sa 'yarki ta buɗe littafi tun yanzu, ta riƙa rubuta duk abin da ta yi da lokacin da ta yi shi, domin ranar da za a tambaye ta ba za ta tuna ba.

Goggon Yara:

Ina da ɗan ja da masu cewa komai a aji 9 yake ƙarewa. Na riƙe 'yar ƙanena wadda shekararta ta farko ta yi mata nauyi saboda sabon wuri da sabon harshe, daga baya ta miƙe, kuma masu tantancewa suna ganin wannan hauhawar a takardar sakamako. Ita ma Jami'ar Kalifoniya da Alhaji ya ambata, makin aji 10 da na 11 take lissafawa wajen fitar da matsakaicin makin mai nema, duk da cewa darussan aji 9 suna cikin 15 ɗin. A kula da zaɓen darussa, amma kada a sa yarinya mai shekara 14 ta kwana da fargabar cewa B guda ya rufe mata ƙofa.

Inda na ga iyaye sun fi makara shi ne zancen kuɗi. Takardar neman tallafin gwamnatin tarayya, wato FAFSA, a bisa al'ada ranar 1 ga Oktoba ake buɗe ta, kuma da bayanan harajin shekara biyu baya take aiki. Wanda zai shiga jami'a a kakar 2026, harajin iyayensa na 2024 ake dubawa, lokacin da yake tsakanin aji 10 da aji 11. Tallafin Pell na gwamnatin tarayya, wanda kyauta ce ba bashi ba, mafi yawansa dala 7,395 ne a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025. Wasiƙar da jami'a ke aikowa takan jera kyauta da bashi a wuri guda kamar abu ɗaya ne, alhali bashin yana da kuɗin ruwa, abin da gidajenmu da yawa ba sa so su kusanta. Kowace jami'a tana da manhajar ƙiyasta ainihin abin da iyali za su biya a shafinta na intanet. Mun gwada ta tun a aji 10, muka zauna da yarinyar muka gaya mata iyakar ƙarfinmu, don kada ta ɗora ranta a kan inda ba za mu iya kai ta ba.

Maman Auta:

Allah Ya saka muku da alheri. Na nemi ganin jami'in makarantar, zan kuma tafi da jerin sharuɗɗan jami'ar jiharmu. Saura aji 12, wanda har yanzu ban ji yadda yake tafiya ba.

Baban Yara Uku, Kalifoniya:

Hajiya, aji 12 shekarar wa'adi ce. Masu neman gurbi da wuri yawanci a ranar 1 ko 15 ga Nuwamba suke miƙa takardunsu, kuma akwai nau'in neman wuri da ke ɗaure ɗalibi ya je jami'ar idan ta ɗauke shi, saboda haka iyalin da ke son kwatanta tallafin jami'o'i daban-daban su yi hattara da shi. Sauran wa'adodin sun fi yawa a farkon Janairu, amsoshi su fito zuwa ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, a ba da amsar ƙarshe zuwa 1 ga Mayu. Malaman da za su rubuta wa yarinya wasiƙar shaida a roƙe su tun ƙarshen aji 11, kafin ɗalibai su yi musu yawa. Autana, da ya sami gurbi sai ya so ya saki jiki da karatu, na nuna masa sharaɗin da ke cikin wasiƙar ɗaukarsa: jami'a za ta karɓi sakamakonsa na ƙarshe bayan yaye, kuma tana da ikon janye gurbin idan makinsa ya faɗi ko ya ajiye wani darasin da ya ce yana ɗauka ba tare da ya sanar da ita ba.