Hannu a Kan Sitiyari, Hankali a Waya

Autan Tasha: Salamu alaikum. Ni dai ina kan bakana: in wayarka na haɗe da lasifikar mota, hannu biyu a kan sitiyari, ido a kan kwalta, babu wani haɗari. Mai kara waya a kunne shi ya kamata jami'an kiyaye haɗurra su kama.

Injiniya: Ƙanena, ido na iya zama a titi hankali na wani gari. David Strayer na Jami'ar Utah a Amurka ya gwada a 2015: bayan direba ya gama bai wa mota umarni da baki, hankalinsa kan ɗauki har daƙiƙa 27 kafin ya dawo kan tuƙi sosai. A gudun kilomita 100 kuwa, cikin daƙiƙa 2 ka ci kusan mita 56.

Autan Tasha: To Yaya, fasinjan gaba da ke mini hira tun daga Kano har Zariya fa? Shi ma a sauke shi?

Baba Direba: Yaro, fasinja yana ganin abin da kake gani. Ka zo wuce tirela, sai ya ja bakinsa, ko ya ce "Malam, a hankali". Na cikin waya bai san ka shiga kwana ba. Bara mai motata ya kira ni kan kuɗin balas, hannuna biyu a sitiyari, ina lissafi a kai. Wallahi idona na kan jar fitilar motar gabana, amma sai da yaron mota ya daka mini tsawa na taka birki. Har na isa gida ƙafata na rawa.

Maman Biyu: Allah ya kiyaye gaba, Baba. Ni allon nan na shafawa da ke cikin sabuwar motata ya fi damuna. Tsohuwar motata, ina laluben maɓallin iska ba tare da na duba ba. Wannan sai na sunkuya na nemo shi.

Injiniya: Shi ya sa hukumar gwajin motoci ta Turai, Euro NCAP, ta ce daga 2026 motar da ke son cikakken maki sai ta sa wa sigina, hon da waifa maɓalli na gaske.

Autan Tasha: Na yarda da na allo. Amma mu masu ɗaukar fasinja ta manhaja, taswira ce abincinmu.

Baba Direba: Sa adireshin kafin ka saka giya, ɗana. In kira ya shigo, gangara gefe.

Autan Tasha: A cunkoson Kofar Ruwa, Baba, ina gefen yake?