Ƙwacewa Nasser Ya Yi Ko Ƙwatowa?

Bashir: Assalamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake, dole na yi magana. Na zauna da wani yana ta zuba yabo, wai mashigan ruwa albarka ne ga duk ƙasar da aka haƙa su a cikinta. Albarka ga wa? Masar ta nutse cikin bashi har sarkinta Isma'il ya sayar wa Birtaniya hannun jarinsa na mashigin Suez a 1875 kan kusan fam miliyan 4, zuwa 1882 sojan Birtaniya ya mamaye ƙasar. Panama kuwa, sai da Amurka ta tsaya mata ta ɓalle daga Kolombiya a 1903 kafin a sa hannu kan yarjejeniyar haƙa. Ga muhalli: Tarayyar Sobiyet ta janye ruwan kogin Amu Darya, mai zuba cikin tekun Aral, ta magudanar Karakum da ire-irenta don noman auduga, tekun Aral ya ƙafe, jiragen masunta suna zube a kan yashi. Ko da shugaban Masar Nasser ya ƙwace Suez a 1956, me ya biyo baya in ba yaƙi ba? Mai amfana daban, mai wahala daban. Wanda ke da ja ya fito.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Malam Bashir, janye kalmar nan tukuna. Ƙwace? Ana ƙwace abin da yake naka ne? Ƙasar ta Masar ce, hannuwan da suka haƙa na talakawan Masar ne. An fara aikin a 1859, kuma shekarun farko aikin tilas ne, ana kwaso manoma daga ƙauyuka rukuni-rukuni suna tonon rairayi da kwanduna. Ƙwatowa ya yi. Duk Bahaushe ya san bambancin ƙwace da ƙwato.

Bashir: Malam, ba wannan ne kan maganata ba. Sa duk kalmar da ka ga dama.

Malam Habu: A'a, kalma ita ce maganar. Wanda ya ce ƙwace ya riga ya yanke hukuncin cewa na Bature ne.

Hajiya Ummi: Ni fa ban ga laifin kalmar ba. Mai gudanar da mashigin kamfani ne mai masu hannun jari, yana riƙe da yarjejeniyar shekara 99 tun daga buɗe mashigin a 1869. Ke nan a 1968 zai koma hannun Masar ba tare da an zubar da jinin kowa ba. Saura shekara 12 kacal. Kuma ku tuna yadda aka yi: ranar 26 ga Yuli 1956 Nasser yana jawabi a Iskandariyya, da ya ambaci sunan de Lesseps, Bafaranshen da ya jagoranci haƙa mashigin, sai mutanensa suka afka ofisoshin kamfanin, don sunan ne alamar da suka shirya. In wannan ba ƙwace ba ne, me ne ne?

Malam Habu: Hajiya, da girmanki. Mai ƙwace yana biyan diyya? Ai Masar ta biya masu hannun jarin.

Hajiya Ummi: Wanda ya karɓe maka gona da ƙarfi ya ajiye maka kuɗi, sayarwa ka yi?

Sadik: Gonar wa? Hajiya, gonar tasa ce fa! Mutum 120,000 suka mutu a wurin haƙar nan.

Injiniya Lawal: Sadik, wannan adadin daga bakin Nasser ya fito a cikin jawabin nasa, kuma masana tarihi suna ja a kansa. An mutu, babu musu, har annobar kwalara ta shiga cikin ma'aikata. Amma kada ka ɗauki lissafin ɗan siyasa ka mai da shi aya.

Sadik: To kai kawo naka adadin mana.

Injiniya Lawal: Wanda ya yi iƙirari shi ke kawo hujja, yaro.

Sadik: Yaya Lawal, duk muhawara sai ka ce mini yaro. Shekaru ba hujja ba ne.

Malam Habu: Ku bar wannan. Hajiya ta ce a jira 1968. Wa ya gaya mata za su saki? Dubi Panama: an buɗe a 1914, sai 1977 shugaban Amurka Carter da jagoran Panama Torrijos suka sa hannu kan yarjejeniyar mayar da shi, kuma ba a miƙa ba sai ranar ƙarshe ta 1999. Ƙasa guda an tsaga ta biyu, tsakiyarta tana ƙarƙashin tutar wani. Sannan ba haka kawai Nasser ya wayi gari ya yi ba. Amurka ce ta janye alkawarin kuɗin madatsar Aswan, shi kuma ya ce kuɗin fiton jirage zai gina ta.

Bashir: Yauwa, Panama ɗin nan nake so mu tsaya a kai. Shi ba kamar Suez ba ne, ɗaga jirgi ake yi hawa-hawa da ruwan daɗi na tafkin Gatun, duk jirgin da ya wuce an zubar da ruwan cikin teku. Kuma daga tafkin nan mutane ke sha. Da fari ya zo a 2023 sai da aka rage yawan jiragen da ke wucewa. Wannan ba abin dubawa ba ne?

Ustaz Nura: Afuwan, yanzu na shigo. Ni abin da ya dame ni, ana ta maganar de Lesseps kamar shi ya fara tunanin. A zamanin Sayyidina Umar, Amru bn Ass ya buɗe hanyar ruwa daga kogin Nilu zuwa Bahar Maliya aka riƙa kai hatsi Hijaz. Sunanta ma Khaliju Amirul Muminina. Namu ne tun asali.

Injiniya Lawal: Ustaz, sake buɗewa ya yi. Hanyar ta girme shi nesa ba kusa ba, Dariyus na Farisa ya bar rubutu a kan duwatsu cewa ya haƙa ta. Kuma daga Nilu take, ba ita ce Suez ta yau ba.

Ustaz Nura: Ni ban ce babu kowa kafinsa ba. Amma me ya sa duk abin da aka jingina wa Musulmi sai ka nemo wanda ya riga su?

Injiniya Lawal: Subhanallah. Yanzu gyara tarihi ya zama ƙin addini?

Hajiya Ummi: Ustaz, tunda ka zo, gaya wa Malam Habu yadda gwanin nasa ya cika kurkuku da 'yan Ikhwan, ƙungiyar 'Yan'uwa Musulmi.

Malam Habu: Ashe nan aka dosa! Hajiya, ba kalma kike karewa ba, mutumin ne ba kya so. Ni kuwa ina alfahari da shi. Birtaniya da Faransa da Isra'ila suka taru masa a ƙarshen 1956, suka fita ba su samu mashigin ba, Firayim Ministan Birtaniya Eden ya sauka daga mulki.

Hajiya Ummi: Shugaban Amurka Eisenhower ne ya matsa musu suka fita, ba ƙarfin Nasser ba. Kuma a hannunsa aka rufe mashigin a 1967, bai sake buɗewa ba sai 1975, shi ya riga ya rasu. Jirage suka maƙale a ciki shekara 8.

Sadik: Ko ma wa ya matsa, tutar wa ke kaɗawa a wurin yau?

Malam Habu: Dare ya yi, a matsayina na mai kula da zauren nan bari na tattara. An yi muhawara mai amfani, Allah ya saka wa kowa. Abin da ya tabbata shi ne Nasser ƙwato haƙƙin Masar ya yi, ya biya diyya, ya tsaya gaban ƙasashe uku. Hajiya Ummi ta kawo batun 1968, an ba ta amsa da Panama. Injiniya ya yi ja kan adadin mamata amma bai kawo nasa ba. Malam Bashir ya amince a canza kalmar.

Hajiya Ummi: Ba a ba ni amsar komai ba, Malam. Maganar gona tana nan.

Bashir: Ni ma ban amince da komai ba, cewa na yi ba ita ce maganata ba. Na kawo Aral, na kawo Gatun, ko mutum ɗaya bai tanka ba. Ban ma kai ga kifayen Bahar Maliya da suka bi ta Suez suka shiga Bahar Rum suna cinye ciyawar teku suna lalata wa masunta koma ba. Gobe in Allah ya kai mu daga nan zan ɗora, kuma ba zan ambaci sunan Nasser ba.