Musayar waƙa: Carl Orff, malamin kiɗan yara na Jamus

Malam Bala:
Ku ji Carl Orff, Bajamushe ɗan Munich, mai son ganga,
1895 aka haife shi, ya tashi da ƙaunar waƙa.
Darasinsa, yaro ya fara da tafi da taku da magana,
Sai daga baya a nuna masa baƙaƙen kiɗa a takarda.

'Yar Damagaram:
Tafi da taku, Malam? Ai 'yan gaɗa sun riga shi,
A dandali muka iya, ba mu taɓa jin sunan shi.

Malam Bala:
Hajiya, kin yi gaɗa kin manta, shi ya rubuta ya adana,
Shi da Gunild Keetman, littafi biyar suka yi wa yara.
Rediyon Bavaria ya watsa darasinsu, ƙasa ta ɗauka,
Taki gaɗar wa ya ji, in ban da awakin unguwa?

Sani Gusau:
Kai! Malam ya gama da ita. Sai kai, gwani na gwanaye!

Ɗan Kumasi:
Kuna ta yabo kun tsallake zamanin Hitila,
Waƙar Orff Carmina Burana a Frankfurt, 1937 ta fita.
An hana kiɗan Mendelssohn don Bayahude ne, sai ga
Gwanin naku ya cike gurbin, ya kuma karɓi lada.

'Yar Damagaram:
Ɗan uwa, Allah ya biya, ka tono abin da ya ɓoye,
Malam ya shafa wa gwaninsa hoda, ga tabo a bayyane.

Baba Alƙali:
Ku dakata. Ɗango na biyu na Bala ya karye. Wa ke cusa 1895 cikin waƙa? Ku rera shi mana, dubu ɗaya da ɗari takwas da casa'in da biyar, numfashi ya ƙare ba a kai Munich ba. Ke kuma 'Yar Damagaram, "shi" da "shi" ba amsa-amo ba ne, maimaici ne.

Sani Gusau:
Baba, Ɗan Kumasi ma ya cusa 1937, shi ba ku gani ba?

Baba Alƙali:
Nasa ya ɗingisa, na Bala ya kwanta.

Malam Bala:
Baba na auna ƙafafu, bai taɓa yin tafiya ba,
Orff ya rasu 1982, har yau darasinsa bai mutu ba.

Baba Alƙali:
Ga wata shekarar kuma! Bala, ka cire lambobin nan ka sake.