Na farko ya karye, na biyu ya lanƙwashe: ina kuskurena a sassaƙa baka?

Telan Aboabo:

Assalamu alaikum. Ni tela ne a Aboabo, nan Kumasi, ban taɓa farauta ba. Kakana fataucin goro ne ya kawo shi Asante, kuma tun ina yaro nake ganin kwari da bakansa rataye a bangon ɗakinsa. Bakan ya yi baƙi wuluk saboda hayaƙi da man kaɗe, tsirkiyar ta fata ce murɗaɗɗiya, inda yake riƙewa har ya sulɓe yana sheƙi. Da aka rushe ɗakin aka yi sabon gini, kayan suka ɓace. Abin yana damuna har yau, domin 'ya'yana ba su taɓa ganin baka da idonsu ba sai a waya. Na ƙudura in yi ɗaya da hannuna.

Na farko, na sayi katakon iccen da ake kira wawa a kasuwar katako ta Sokoban, na sassaƙe shi da adda, na ɗaura igiyar shanya. Ja ɗaya na yi ya tsage daga saman mariƙi, tsinken ya ƙuje ni a gira. Sai na tuna an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, na samo ɗanyar gora a hanyar Ejisu. Wannan kam ya yi harbi, kibiya ta tsallaka tsakar gida, yara suka yi ta tsalle. Amma cikin mako guda ya lanƙwashe ya ƙi komawa, fumfuna ta rufe shi, daga baya na ga ƙananan ramuka suna zubar da gari. Wane icce ya kamata in nema a nan, wane tsawo, kuma da me ake tsirkiya?

Kafintan Sokoban:

Wa alaikumus salam, Malam Tela. Allah ya ƙara tsarewa, da a ido tsinken ya same ka da labarin ya sha bamban.

Wawa ba iccen baka ba ne. Mu rufin ɗaki da akwati muke yi da shi don ba shi da nauyi, ga taushi. Amma ko odum, iccen nan mai tauri, ka saya da haka za ta faru, domin zarto ba ruwansa da jijiyar icce, yanka ta yake yi a karkace. Baka yana da baya da ciki. Baya shi ne gefen da ke kallon abin harbi, shi ne ke miƙewa idan ka ja. Ciki shi ne gefen da ke kallonka, shi kuma matsewa yake yi. Duk inda jijiya ta yanke a bayan, daga nan tsagewa za ta tashi. Saboda haka ba a taɓa baya da wuƙa, daga ciki kaɗai ake ragewa.

Ka koma wa gora, ita ce ta ɗan koyo, ga ta birjik a ƙasar nan. Nemi wadda ta shekara 3 ko 4, wadda korenta ya dushe, ka ɗauki wajen gindi inda naman ya fi kauri. Farkon rani ake sara. Ka tsaga ta tsawon tsayuwarka, faɗin yatsa uku, ka jiƙa a ruwa kamar mako 3 don zaƙin da ƙwari ke bi ya fita. Garin da ka gani aikinsu ne. Sannan ka ɗaure ta a miƙe a inuwa, inda iska ke ratsawa, ka toshe kawunanta biyu da kakin kyandir don kada su dare. Da irin laimar Kumasi, ka ba ta wata 2 ko 3, in hunturu ya ratsa ta ya fi. Karin maganar nan taka ta shafi gyaran siffa ne kawai. Ɗanyen icce yana karɓar lanƙwasa ya riƙe ta, baka kuwa so ake ya ƙi ta, ya dawo da ƙarfi.

Ɓawon gorar shi ne bayan bakan, kada ka kankare shi, kuma kada ka baje gaɓoɓin daga waje.

Sauran aikin haƙuri ne. Ajiye adda, ɗauki magagari da fasasshiyar kwalba. Ka siranta faɗin daga mariƙi zuwa kowane kai, ka ɗaura doguwar igiya sako-sako, ka kafa mariƙin a ƙusa jikin bango, ka ja kaɗan, ka koma baya ka duba. Inda ya sandare ka zana fensir ka kankare nan. Inda ya fi lanƙwasa kada ka taɓa ko kusa. Bayan kowace kankara ka ja shi sau 20 a hankali kafin ka sake dubawa, don icce ba ya nuna abin da aka yi masa nan take. Nawa na farko kwana 9 na yi a wannan matakin, bayan an tashi aiki.

Baba na Asawase:

Ɗana, jikata ce ke rubuta mini. A Bawku na tashi, na kuma bi maharba ina saurayi. Abin da kafinta ya faɗa gaskiya ne, sai dai ka fara sanin wane baka kake so. Irin na kakanka gajere ne, in ka tsayar da shi bai wuce ƙirjinka ba, kuma ba a ja masa har kunne. Kibiyarmu kyauro ce marar gashi, da kan ƙarfe mai kunne. Ba ƙarfin baka ke kayar da nama ba, dafin kwankwani ne, kuma daga kusa ake harbi. Idan ka yi gajere irin namu ka ja shi irin jan Turawan da kuke kallo a waya, karyewa zai yi komai kyan iccen. Dafi kuwa ka bar shi inda yake, gidanka da yara.

Tsirkiya, fatar akuya ko ta gada muke yankawa siririya, a jiƙa, a murɗa, a rataya dutse a ƙasanta ta bushe a miƙe. Damina tana sa ta saki. Kowane dare a kwance ta, a shafa wa bakan man kaɗe, a rataye shi inda hayaƙin murhu ke kaiwa. Baƙin da ka gani a na kakanka ke nan.

In Allah ya hore maka, ka je Sandema, can arewacin Ghana, a watan Disamba lokacin bikin Feok. Mutanen Builsa suna fitowa da kwari da baka da hulunan ƙaho, suna tuna yadda kakanninsu suka kori Babatu, mai harin kamun bayi. Ka nemi izini ka riƙe ɗaya a hannunka, zai koya maka abin da baki ba zai iya ba.

Malama daga Tafo:

Yaya, ƙari kaɗan. Ka rataya sikelin auna jaka a tsirkiya lokacin gwaji, kada ka wuce kilo 12 a bakan farko. Tazarar tsirkiya da mariƙi kamar dunƙulen hannu da babban yatsa a tsaye. Kada ka taɓa sakin tsirkiya babu kibiya, ƙarfin cikin iccen yake komawa. Gidajenmu na Zango kuwa a matse suke, ka cika buhu da tsummokaran shagonka ka jingina da bango marar taga, yara duk su tsaya bayanka.

Telan Aboabo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, yanzu na gane abin da ya sa na kakana bai kai tsawon waɗanda nake gani ba. Zan fara da dogon gora don in koyi kankara, in hannuna ya faɗa sai in yi gajeren. Tsirkiya zan fara da zaren nailan na masu ɗinkin takalma, in riɓa shi in murje da kaki, kafin in samo fata wajen mahauta.

Jiya na koma hanyar Ejisu na saro gora uku, na tsaga, suna cikin tsohon kwatamin wanki a bayan shago, na danne su da bulo. Malam Kafinta, ruwan ya fara wari tun da safe. Canzawa ake yi, ko a bar shi haka har mako ukun?