Wa ya taɓa zuwa kallon namun daji da mota da jagora na kansa? Ku ba ni shawara kafin in biya

Ɗan Apapa:
Assalamu alaikum jama'a. Shawarar waɗanda suka taɓa zuwa nake nema, ba waɗanda suka gani a YouTube ba. Shekara uku ke nan ina yi wa yara alƙawarin kai su Kenya su ga zaki da giwa a dajinsu, bana na ce ko ana ha maza ha mata sai an je a hutun Agusta. Mu shida ne: ni, uwargida, yara uku, ƙaraminsu ɗan shekara 6, sai Hajiyarmu da gwiwa ke damu amma ta rantse ba za a bar ta a Legas ba. Na tuntuɓi kamfani uku, ɗaya a nan Ikeja, biyu a Nairobi. Dukansu sun rubuta cewa tafiyar tamu ce mu kaɗai, kwana biyar, Masai Mara. Amma kuɗin na sama ya kusa ninka na ƙasa. Me ke cikin wannan tazarar? Kuma ɗaukar mota da jagora na kanka ya ci kuɗinsa, ko dai mu shiga ayari kawai?

Hajiyar Lekki:
Wa alaikumus salam ƙanena. Zauna in ba ka labari, don ni wannan kalmar ta "ku kaɗai" ta taɓa cizona.

A Agustan 2024 muka je da Alhaji da yara biyu. Takardar da aka turo mana ta ce mota tamu ce. Gaskiya ne kuwa, daga Nairobi har ƙofar masaukin mu kaɗai ne a ciki, tafiyar kusan awa shida ta garin Narok. Muna sauka direba ya sauke kaya ya ce sai ranar komawa. Washegari da asuba aka nuna mana motar masauki, muka tarar da wasu Turawa biyu, mata da miji, sun riga sun kama kujerun gaba da kyamarori dogaye kamar turmi. Ashe abin da muka biya shi ne mota ta kawo mu ta maida mu, yawon cikin daji kuwa na haɗaka ne.

Ba mutanen banza ba ne, har alewa suka ba yarana. Amma abin da ya kawo su daban da namu. Aka ga damisa kwance a reshen bishiya, jelarta kawai ke lilo. Su so suke a jira har ta sauko. Minti goma, rabin awa, awa ɗaya da rabi. Autana ya fara matse ƙafa yana cewa Mama fitsari, kuma a wurin ba wanda zai bar ka ka sa ƙafa a ƙasa. Azahar ta yi, ba wanda zan ce wa a juya. Na zauna ina haɗiyar haushi kamar wadda aka rage wa hanya, alhali da kuɗinmu muka zo. Rana ta uku Alhaji ya ƙara kuɗi aka ware mana mota, a nan ne muka fara jin daɗin tafiyar.

Don haka ka rubuta musu tambaya ɗaya, su amsa a rubuce: motar da za ta shiga daji da mu kowace rana, mu kaɗai ne a cikinta, kuma jagora ɗaya ne daga farko har ƙarshe? Ka kuma tambayi irin motar. Akwai ƙaramar bas mai buɗaɗɗen rufi, akwai Land Cruiser. Bas ta fi araha, amma in ruwa ya sauka ƙasar can baƙar laka ce, za ku sha tura.

Mai Canji Obalende:
Alhaji, tazarar da kake gani rabinta na san inda take. Kuɗin shiga Masai Mara tun 2024 dala 200 ne ga babban mutum baƙo kowace rana daga Yuli zuwa Disamba, dala 100 daga Janairu zuwa Yuni. Ku manya uku ne, ka lissafa da kanka, ga na yara. Wasu kamfanonin sai su cire shi daga jimla don farashinsu ya yi kyau a ido, su rubuta da ƙananan baƙaƙe a ƙasa cewa ban da kuɗin shiga. Ka duba na ƙasan nan naka, ina kyautata zaton haka ne.

Na biyu, inda masaukin yake. Wani a cikin dajin yake, wani a wajen ƙofa, kullum sai kun yi layi kafin ku shiga, lokacin zakuna sun gama abin da suke yi sun nemi inuwa.

Maganar biya kuma, sana'ata ce. Kada ka tura wa kowa kuɗi a asusun sunan kansa, sai na kamfani. Ka ba da kafin alƙalami, sauran in lokaci ya matso. Kamfanonin Kenya suna da ƙungiya, KATO, na Tanzaniya TATO, ka duba ko sunansu na cikin jerin mambobi. Dalar da za ka riƙe a hannu kuma ka zo in zaɓar maka sababbi. Tsohuwar dala mai ƙaramin kai da mai tabon biro can ma ba sa so, sun fi mu tsirfa.

Malamin Agege:
Ni fa tambayata ita ce, Alhaji ka taɓa kai yaran Yankari? Mutum ya tsallake Bauchi ya tafi Kenya kallon giwa, ai kamar ka bar tuwon gidanku ka je maƙwabta ne. Na kai ɗalibaina can da rani. Ruwan Wikki kaɗai ya isa, ɗumi-ɗumi, garau har kana ganin yashin ƙasa. Mun ga ɓauna da gwanki da gadu a gefen kogin Gaji. Birai kuwa har ɗaki suke biyo ka, wani gwaggon biri ya fizge burodi daga hannun wani yarona ya hau rufi yana ci yana kallonmu.

Hajiyar Lekki:
Malam, Allah ya gafarta, giwa nawa kuka gani?

Malamin Agege:
Kashinta muka gani, sabo fil, yana tururi. Mai gadin dajin ya ce da mun yi sammako da mun same su.

Hajiyar Lekki:
To ka ji. Ba raina Yankari nake ba, na je kuma zan koma. Amma dajin can bishiyoyi ne, dabba sai ta ga dama ka gan ta. Mara fili ne fetal, ido na kai wa nesa. Abu biyu ne daban.

Injiniyan Ikoyi:
Ni Tanzaniya na yi, a watan Fabrairu, ni da maiɗakina kawai. Kafin komai, mai fasfo ɗin Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai an nema tun daga gida an jira amincewa, kuma tana ɗaukar lokaci. Wanda Agustan bana ke gabansa ya tsaya a Kenya ɗinsa.

Abin da nake so in ƙara a kan maganar Hajiyar Lekki shi ne, mota taka ce ko ba taka ba, wanda ke riƙe da sitiyari shi ne tafiyar. Namu dattijo ne mai furfura daga Arusha, musulmi, ba shi da yawan magana. A yankin Ndutu, inda garken nyumbu ke haihuwa a wannan watan (nyumbu sunan da Sawahili ke kiran wata dabba mai gemu da ƙaho, gaba kamar sa, baya kamar doki), wata safiya rediyon mota ya ɗau surutu, motoci suka kwasa a guje gefe guda. Shi kuwa ya rage muryar rediyon, ya kashe inji. Na ce Baba lafiya? Ya nuna min wasu jakunan dawa da suka daina kiwo, duk sun juya kai waje ɗaya, kunnuwa a tsaye. Ni ban ga komai ba sai ciyawa. Muka yi shiru har ina jin ƙarar agogon hannuna. Can sai ciyawar ta motsa, zakanya ta ɗago kai, tazararmu da ita ba ta fi tsawon mota uku ba, 'ya'yanta biyu na biye. Mu kaɗai muka gan su. Waɗancan da suka ruga, daga baya muka ji mota ta fi ashirin a kan zaki ɗaya mai barci.

Shi ne kuma ya san wuraren da doka ta yarda a sauka, ya tsara mana yawo yadda azahar za ta same mu a can. Ranar farko na shimfiɗa darduma na fuskanci gabas yadda na saba, ya yi murmushi ya juya ni. A can alƙibla arewa take.

Saboda haka ka nemi sunan jagoran tun yanzu, shekara nawa ya yi a wannan dajin, kuma a haɗa ku ku gaisa ta WhatsApp. A Kenya jagorori suna da jarrabawar ƙwarewa mai mataki uku, tagulla, azurfa, zinariya, ka tambayi matakinsa. Kamfanin da ya ce sai ranar za a san wanda zai ɗauke ku, to a tasha zai samo muku direba.

Ngorongoro ma, wani katafaren ramin tsohon dutse mai aman wuta da namun daji ke zaune a ciki, mun sauka cikin ramin, zurfinsa kusan mita 600, a nan na ga karkanda daga nesa kamar dutse mai tafiya. Sanyin bakin ramin kuwa ko Jos albarka.

Ɗan Mil 12:
Ni dai ina karatu ina lissafin kwandon tumatir nawa ke cikin dala 200. Allah ya kai mu matsayinku. Yarana Lekki Conservation na kai su, suka hau gadar saman bishiya suka ga birai, har yau suna labari.

Nas daga Idi-Araba:
Yaya, ni Hajiyarku mai ciwon gwiwa nake tunani. Hanyar Nairobi zuwa Mara kwalta ce mafi yawa, amma ƙarshenta da cikin dajin kansa girgiza ce, wuni guda ana jijjiga mai ciwon gwiwa ba wasa ba ne. Akwai ƙananan jirage daga filin Wilson a Nairobi, kamar awa ɗaya sun kai ku. Sai dai kaya kilo 15 ne kowane mutum, kuma a jaka mai laushi, ba akwatin Makka ba. Mahaifiyata da muka je da ita, yawon safe kawai take bi, da yamma ta zauna a gaban tanti da carbinta tana kallon dorina a kogi. Da motar haɗaka ce da ba mu isa mu ce a dawo da ita ƙarfe goma ba. Ku ce a sa mata ɗan matakala na hawa mota, Land Cruiser tana da tsayi.

Katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawa ɗin nan, kowa ya riƙe nasa, kuma wanda bai taɓa yi ba sai ya kwana goma da yin allurar kafin katin ya fara aiki. Kada ku bari sai mako na ƙarshe. Ku tafi da rigunan sanyi, Agusta lokacin sanyinsu ne, ƙarfe shida na safe a buɗaɗɗiyar mota haƙora har karo suke. Baƙaƙen kaya da shuɗi suna jawo tsando inda yake, a ajiye baƙar abaya a nemi mai ruwan ƙasa.

Abinci kuma ku rubuta musu tun da wuri cewa halal kuke ci, ku sake tambayar mai dafa abincin da bakinku in kun isa. Mu inda muka yi kokwanto kifi da wake da ƙwai muka riƙe.

Hajiyar Lekki:
Na manta abu ɗaya. Kada kowa ya yi maka alƙawarin ganin garken nyumbu na tsallaka kogin Mara. Lokacinsa ne, daga Yuli zuwa Oktoba, amma dabba ba ta da jadawali. Mun yi awa uku a bakin kogi, sun taru dubbai, na gaba ya leƙa ruwa ya ga kada ya juya, duk suka bi shi. Ba su tsallaka ba sai washegari, muna hanyar Nairobi. In da hali ka raba kwanakin, biyu a cikin babban dajin, biyu a filayen Masai da ke kewaye irin su Naboisho ko Mara North. Can an ƙayyade yawan motoci, kuma ana yawon dare da fitila, abin da ba a yi a babban dajin.

Ɗan Apapa:
Allah ya saka da alheri, kun buɗe min ido. Na tura wa ukun tambayoyin jiya da daddare. Mai Canji, ka canka daidai, na ƙasan babu kuɗin shiga a ciki, kuma masaukinsa a wajen ƙofa yake. Na nan Ikeja ya ce bari ya tambayi mutanensa na Nairobi, ashe shi ma dillali ne, har yanzu shiru. Na ukun ya amsa kafin in kwanta, ya turo hoton motar da lambarta, da safe kuma jagoran ya kira ni da kansa. Abin da ya fara tambaya shi ne shekarun Hajiya da wace gwiwa ce. Da shi zan tafi in sha Allahu, zan rage kwana ɗaya in sa kuɗin a jirgin Wilson. Malam, na yi maka alƙawarin Yankari da rani mai zuwa.

Sai dai Hajiya ta riga ta fara ɗaure yaji da kuka da daddawa, ta ce ba za ta ci abincin da ba shi da gishiri kwana da kwanaki ba.

Nas daga Idi-Araba:
Yaji ya tafi, amma a juye shi a gwangwani ko roba mai murfi. Kenya ta hana leda tun 2017. Daddawar kuma, Yaya, a ƙaramin jirgi mai kujera goma sha biyu, ka lallaɓa ta ta bar ta a gida.