Neman shawara: in ci gaba da MD5 ko in canza?

Laminu: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina haɗa wata manhajar lissafin kaya ta masu shaguna a kasuwar Dole, nan Damagaram. Saboda rezo ba ƙarfi, ta USB ake raba sabon zubi. A wurin haɗawa akwai ɗan fayil na C da aka kwaso daga intanet, shi ke lissafa MD5, wato wani nau'in hash (gajeriyar lambar da ake fitarwa daga abin da ke cikin fayil), don a tabbatar ba a taɓa fayil ba. Wannan ya wadatar?

Malam Issoufou: Wa alaikumus salam. Bai wadatar ba. Tun 2004 aka nuna ana iya ƙera fayil biyu mabambanta masu MD5 iri ɗaya, kuma a 2012 aka gano cewa da wannan raunin wata muguwar manhaja mai suna Flame ta ƙirƙiro takardar shaidar Microsoft ta jabu. SHA-1 ma, wani nau'in hash ɗin, Google da CWI, cibiyar bincike ta ƙasar Holan, sun karya shi a 2017. Ka koma SHA-256, mai fitar da haruffa 64.

Amma fayil ɗin C ɗin nan ya fi damuna. Ba ka san wanda ya rubuta shi ba, ba mai gyara shi. A 2022 an gano ɓaraka a lambar SHA-3 da Python da PHP suka ɗauka: lissafin lafiya lau, rubutun ne ya yi kuskure. Ka yi amfani da sanannen ɗakin lamba (library) irin OpenSSL ta hanyarsa ta EVP, ko libsodium, ka gwada su da misalan gwaji na NIST, hukumar ma'auni ta Amurka.

Hadiza: Ƙari kan maganar Malam. Idan hash da fayil suna kan USB guda, wanda ya musanya ɗaya zai musanya ɗayan. Sa hannu kake buƙata. Ka ƙirƙiri makullan sa hannu biyu irin Ed25519 da manhajar minisign, na sirri ya zauna a kwamfutar da ba ta hawa intanet, na fili ka dasa shi cikin manhajar, ta ƙi duk zubin da sa hannunsa bai dace ba.

Laminu: Na gode Yaya Hadiza. Kalmomin sirrin masu shago fa, SHA-256 ɗin zan sa?

Hadiza: A'a, saurinsa ne aibinsa a nan, ɓarawo zai yi ta gwaji. Ka sa Argon2id ko bcrypt, waɗanda aka ƙera don kalmomin sirri. Idan saƙo za ka tabbatar da makulli, ka yi amfani da HMAC, tsarin da aka yi don haka, kada ka manna makulli a gaban saƙo ka yi hash.

Malam Issoufou: Kuma ka ɗaure sigar kowane ɗakin lamba da hash ɗinsa; a pip, mai girka ɗakunan lamba na Python, akwai --require-hashes. Sai dai hakan ba zai kama irin ɓoyayyiyar ƙofar da aka dasa a xz 5.6.0, manhajar matse fayil, a 2024 ba, domin daga tushe aka gurɓata shi.